Masanan Dausayi da Ruwan Haɗeja

Ko wace sana'a da ke duniya tana da mafari. Waɗansu, kamar ƙira da saƙa da jima, sun tsufa har ba mai iya faɗin ranar da aka soma su. Waɗansu kuwa jiya-jiya aka haife su, ana iya nuna gidan da suka fito da sunayen waɗanda suka yi renonsu. Sana'ar masanan dausayi tana cikin kashi na biyu, gama da ƙyar ta kai shekara ɗari. Masanin dausayi shi ne wanda ya karanci ilmin halittu masu rai, sa'an nan ya tsai da aikinsa ga wuraren da ruwa da ƙasa su ke cuɗanya, watau fadamu da tafkuna da bakin gulabe, da duk inda ruwa ya kan kwanta wata da watanni kana ya janye. Aikinsa biyu ne. Na fari ya binciki yadda ciyawa da kifi da tsuntsu da mutum su ke rayuwa a wurin. Na biyu, in wurin ya lalace, ya nemi dabarar farfaɗo da shi.

A ƙasar Hausa ba a taɓa raina fadama ba. Kowa ya san mai gona a fadama ya huta da fargabar rani, ga rake, ga shinkafa, ga albasa. Amma a ƙasashen Turai da can ba haka a ke dubanta ba. A wurinsu fadama gidan sauro ce da zazzaɓi, ba ta da wani amfani sai an tsane ruwanta an mai da ita gona. A cikin ƙarni na 17 aka ɗauko wani gwanin haƙa magudanai daga Holan, Cornelius Vermuyden, ya tsane manyan fadamun gabashin Ingila. A cikin 1850 Gwamnatin Amurka ta yi doka ta miƙa wa jihohi filayen fadama domin su busar da su. Wanda a ke girmamawa a wannan zamani shi ne mai korar ruwa. Mai neman sanin abin da ke cikin ruwan kuwa ba a ko san da shi ba.

Mafarin Sana'ar

A cikin 1935 wani malamin ilmin tsire-tsire na Ingila, Arthur Tansley, ya nuna cewa kuskure ne a yi nazarin itace dabam, dabba dabam, ruwa da ƙasa dabam, domin dukansu 'yan gida ɗaya ne, abin da ya taɓa ɗaya ya taɓa saura. Wanda ya fara gwada wannan magana da awo wani saurayi ne a Amurka, Raymond Lindeman. Shekara biyar ya yi yana zuwa wani ɗan tafki mai taɓo a jihar Minesota, da zafi da sanyi, har a lokacin da ruwan ya kan daskare. Shi da matarsa su kan ɗebo laka su tace, su ƙidaya tsutsotsi da ƙwarin da ke ciki, su auna nauyinsu. Daga nan ya nuna yadda ƙarfin rana ya ke shiga ganye, daga ganye ya shiga ƙwaro, daga ƙwaro ya shiga kifi, kuma a ko wane mataki abin raguwa ya ke yi ƙwarai. Da fari masu buga mujallar masana suka ƙi karɓar rubutunsa, sai da malaminsa ya sa baki. Ya rasu a cikin 1942 yana da shekara 26, 'yan watanni kafin rubutun ya fito. Yau kuwa da wuya a sami ɗalibin wannan ilmi da bai ji sunansa ba.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu sai masu sha'awar tsuntsaye suka ɗauki tutar. Peter Scott, wanda da can maharbin agwagin ruwa ne, ya kafa wurin kiwo da nazarinsu a Slimbridge, bakin kogin Severn a Ingila, a cikin 1946. A cikin 1954 wani mutumin Suwizalan, Luc Hoffmann, ya buɗe gidan bincike a fadamar Camargue, inda kogin Rhone ya ke shiga teku a kudancin Faransa. Aikinsu na yau da kullum shi ne su kama tsuntsu, su sa masa ɗan zobe mai lamba a ƙafa, su sake shi. In wani ya same shi a wata ƙasa ya aiko da labari, sai a san hanyar da ya bi. Ta haka suka gane cewa agwagwar da ta yi ƙwai a arewacin Rasha tana bukatar masauki a ƙasa biyar ko shida kafin shekara ta zagayo, kuma in masauki ɗaya ya bushe, tsaron da a ke yi mata a sauran ya tashi a banza.

Saboda haka suka nemi ƙasashe su haɗa kai. Aka yi babban taro a Camargue a cikin 1962. A cikin 1967 aka soma ƙidayar tsuntsayen ruwa ta ƙasashe da yawa a lokaci guda, ko wane watan Janairu. Ranar 2 ga Fabrairu 1971, a garin Ramsar na ƙasar Iran, wakilan ƙasashe 18 suka amince da wata yarjejeniya ta kiyaye dausayi, ta soma aiki a cikin 1975. Yanzu ƙasashen da ke cikinta sun haura 170. Yarjejeniyar ba ta ce a kori mutane daga fadama ba. Abin da ta nema shi ne a ci moriyarta da hankali, yadda na baya ma za su samu. Tun da ko wace ƙasa sai ta san abin da ke cikin fadamunta kafin ta kiyaye su, sai gwamnatoci suka shiga neman masu wannan ilmi. Abin da ya faro kamar sha'awa ya zama aikin albashi.

Tsuntsun da Bai Komo Ba

Abin da ya juyo da hankalin waɗannan mutane zuwa Afirka ta Yamma wani ɗan tsuntsu ne mai farin maƙogwaro, wanda bai fi gwara girma ba. Ya kan yi sheƙa a Ingila, in sanyi ya matso ya ƙetare Sahara ya sauka a dazuzzukan ƙaya na bakin hamada. A cikin 1969 masu ƙidaya a Ingila suka ga wajen kashi uku cikin huɗu na irinsa ba su komo ba. Aka bi sawu, aka iske ba a Turai cutar ta ke ba. Ruwan sama ne ya gaza a ƙasashen bakin hamada a daminar 1968, farkon babban farin da ya zo ya hallaka dabbobi a 1972 da 1973. Daga baya aka ga haka abin ya ke ga wani irin zalɓe da waɗansu tsuntsayen bakin ruwa: duk shekarar da gulaben Afirka ta Yamma suka yi ƙarancin cikowa, kaɗan ke komawa Turai. Sai masana suka shiga tambaya, ina ne masaukan nan na kudu da Sahara? Aka lissafa bakin kogin Sanagal, da fadamar Neja ta ƙasar Mali, da Tafkin Cadi, da fadamar Haɗeja da Nguru.

Fadamar Haɗeja da Nguru

Kogin Kano da na Calawa su kan haɗu kafin Wudil su zama kogin Haɗeja. Kogin Jama'are kuwa daga duwatsun Jos ya ke gangarowa, ya bi ta ƙasar Katagum. Gabas da garin Haɗeja ƙasa shimfiɗaɗɗiya ce, sai dai akwai jerin tuddan rairayi kwance daga arewa maso gabas zuwa kudu maso yamma, waɗanda iska ta tara tun zamanin da hamada ta taɓa kawowa nan. Da ruwa ya iske waɗannan tuddai sai ya rasa hanya ɗaya miƙaƙƙiya, ya rarrabu rassa-rassa, ya bazu cikin kwaruruka. Kafin Gashuwa rassan su kan sake haɗuwa su zama kogin Yobe, wanda ya ke wucewa ta Gaidam, ya zama iyaka tsakanin Nijeriya da Nijar a wajen Diffa, har ya faɗa Tafkin Cadi.

Arzikin wannan wuri ba ga yawan ruwa kaɗai ya ke ba, ga zuwansa ne da komawarsa. Manomi ya kan shuka shinkafa da ruwan farko, cikowa ta iske ta a Agusta da Satumba, ta yi ta tsawo tare da ruwan. A lokacin nan tarwaɗa da karfasa da bargi su kan bar kwarin kogi su shiga cikin ciyawa su yi ƙwai, 'ya'yansu su girma inda abinci ya yalwata. Da kaka ta yi ruwa ya soma janyewa, sai masunta su tare mashigai da mali da dumba, manoma kuma su bi danshi su shuka wake da guna da rogo. Sa'an nan Fulani su gangaro da shanu su ci burugu. A daidai wannan lokaci baƙin agwagi na Turai da Rasha su ke sauka cikin na gida, watau kirinjijiya da dinya. Da bazara wuri ya kan bushe ƙurmus, ƙasa ta tsattsage, gaiwa ta shige laka ta kwanta har wata cikowa. Fili ɗaya ya ciyad da manomi da masunci da makiyayi, kowa da watanninsa. Hausawa da Badawa da Barebari da Fulani fiye da miliyan ɗaya ke cin abinci daga nan.

Ba daidai ba ne a ce ba masana a wurin kafin zuwan masu littafi. Sarkin ruwa ya san tafkin da za a hana su a cikinsa har kifi ya ƙosa, ya san ranar da za a buɗe. Tsofaffin manoma sun san irin shinkafar da ke jure zurfi da wadda ba ta jurewa. In kifi ya fito daga ruwa ya ce idon kada ɗaya ne, wa zai musa? Abin da ba su da shi kawai shi ne hanyar kai maganarsu gaban masu yanke shawara a Kano da Legas.

Fari da Madatsun Ruwa

Bayan wahalar fari, ba wanda zai ga laifin hukuma don ta nemi tara ruwa. A zamanin Gwamna Audu Bako aka gina madatsar ruwa ta Tiga a kan kogin Kano, aka gama a cikin 1974, domin birnin Kano ya sha, a kuma yi noman rani a Kadawa da kewayenta. A cikin 1976 aka kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are. A cikin 1992 aka gama madatsar Calawa kusa da Ƙaraye, aka kuma yi wata ƙarama kusa da Auyo domin noman rani na kwarin Haɗeja. An yi shirin wata babba a Kafin Zaki a kan kogin Jama'are, aka soma aka tsaya, shekaru suka shuɗe ba a kammala ta ba.

Waɗannan ayyuka sun yi amfani, mutanen Kura da Bunkure shaida ne. Amma ruwan da aka tare a sama, na ƙasa aka hana. Hotunan da aka ɗauka daga jirgin sama a 1969 da 1974 sun nuna cikowa ta rufe fili fiye da murabba'in kilomita 2,000. A farkon shekarun 1990 kuwa akwai shekarun da ba ta kai rabin wannan ba. Fari na 1983 da 1984 ya daɗa tsananta abin. Gonakin shinkafa suka koma fako, rijiyoyi suka yi zurfi, itatuwan gabaruwa suka bushe a tsaye. Da wurin kiwo ya ƙuntata, kuma manoma suka sami injin ban-ruwa suka shiga noman alkama a bakin kogi bayan hana shigo da ita a 1987, sai rigima ta yawaita tsakaninsu da makiyaya.

Ma'aikatan Nguru

A cikin 1987 aka kafa wani shiri na kiyaye fadamar Haɗeja da Nguru, aka sa ofishinsa a Nguru. Waɗanda suka haɗu a kansa su ne Gwamnatin Nijeriya, da Gidauniyar Kiyaye Halittu ta Nijeriya, watau NCF, da ƙungiyar kare tsuntsaye ta Ingila, da ƙungiyar kiyaye halittu ta duniya wadda a ke kira IUCN. Domin tsuntsaye aka soma shi. Ko wane Janairu ma'aikata su kan fita tun da asuba, waɗansu a kwalekwale, waɗansu a ƙasa, riƙe da madubin hangen nesa. Garken agwagi dubu goma ba ya ƙidayuwa ɗai-ɗai. Sai mai ƙidaya ya ƙirga goma, ya riƙe girmansu a ido, ya auna ɗari da shi, sa'an nan ya auna garken duka da ɗarin nan, tun kafin shaho ya gitta su tashi.

Ba a daɗe ba suka gane cewa ƙidayar tsuntsu ba ta ƙara ko ɗigon ruwa. Abin da ya kori agwagwa shi ya kori kifi, shi ya kashe shinkafa. In kuwa aka je wa hukuma da kukan tsuntsu alhali mutane na kukan yunwa, ba mai saurara. Saboda haka aikin ya faɗaɗa. Aka kakkafa sandunan awo a bakin rassan kogi, a kan karanta su kullum a rubuta. A kan hau ƙaramin jirgin sama a ƙarshen damina a zana iyakar inda ruwa ya kai. Waɗansu suka zauna a bakin kasuwa suna auna kifin da a ke kawowa, waɗansu suna zura igiya cikin rijiyoyin ƙauyuka wata-wata. Awon rijiyoyin nan ya tabbatar da wani abu mai muhimmanci, watau cikowa ita ke cika ruwan ƙarƙashin ƙasa, har ƙauyen da bai taɓa ganin kogi ba da ita ya ke sha.

Aka kuma gayyato masu lissafin tattalin arziki. A cikin 1991 Edward Barbier da William Adams da Kevin Kimmage suka ƙimanta abin da fadamar ke bayarwa ta wajen noma da su da itacen wuta kaɗai, ba su ko sa kiwo da ruwan rijiya ba. Suka gwada shi da abin da noman rani na kogin Kano ke bayarwa. Suka iske in an bi ta yawan ruwan da ko wanne ke sha, amfanin fadamar ya ninka na gonakin hukuma sau da yawa. A cikin 1993 aka tara sakamakon binciken duka cikin littafi guda, wanda G. E. Hollis, masanin ruwa na wata jami'a a London, da Adams, da Muhtari Aminu-Kano suka shirya. Shi Aminu-Kano daga baya ya shugabanci NCF. A cikin 1998 Barbier da Julian Thompson suka ƙara lissafi, suka nuna in an gina dukan madatsun da aka shirya, ribar sabbin gonakin ba za ta biya ko kashi ɗaya cikin biyar na hasarar da za a yi a fadamar ba.

Ba su ce a rushe Tiga ba. Shawararsu ita ce a riƙa buɗe ƙofofin madatsun a tsakiyar damina, a saki ruwa mai yawa a lokaci guda domin ya kwaikwayi cikowa ta dā, sa'an nan da rani a rage. Ga wanda bai sani ba wannan ɓarnar ruwa ce. Ga wanda ya yi awo kuwa shi ne abincin mutum miliyan.

Kacalla

Ana cikin kukan ƙarancin ruwa sai ga wata masifa ta fito ta inda ba a zata ba. Akwai wata doguwar ciyawa mai kai kamar gero, wadda mutanen wurin ke kira kacalla. Da can ba ta da yawa, gama ba ta jure bushewa, bazara ta kan kashe ta ko wace shekara. Amma da madatsun ruwa suka riƙa sako ruwa kaɗan-kaɗan har da rani, sai rassan kogi suka daina bushewa. Kacalla ta sami abin da ta ke so. Tana yaɗuwa ta saiwa a ƙarƙashin laka, irinta kuma iska ke ɗauka kamar auduga, tsawonta ya kan kusa na mutum biyu. Inda ta yi duhu ruwa ya kan rage gudu, yashi da laka su kwanta, hanya ta toshe.

Ta haka tsohon kwarin kogin Haɗeja da reshen Burum Gana suka cushe, galibin ruwan ya karkata ya bi reshen Marma zuwa tafkin Nguru. Sai aka wayi gari ƙauyukan Marma ruwa ya ci gonakinsu rani da damina, na Burum Gana kuwa suna kallon busasshen kwari. Har ta kai kusan duk ruwan da ke wucewa ta Gashuwa na Jama'are ne. Kwalekwale ba ya ratsa kacalla, taru ba ya shiga. Jan-baki ya sami wurin kwana, ya riƙa fitowa yana cinye gero da shinkafa. Sauro da katantanwar da ke ɗauke da tsargiya suka yawaita. Nan masana suka ga tabbacin abin da su ke faɗa: fadama tana bukatar rani kamar yadda ta ke bukatar damina, ruwan da ya zo ba a kan lokacinsa ba ɓarna ya ke yi.

Gwaji ya nuna in an ƙone kacalla ko an sare ta a sama, tohowa ta ke yi. Amma in an yanke ta a ƙarƙashin ruwa, yadda kututturen ba zai sami iska ba, ta kan ruɓe. A cikin shekarun 2000, da taimakon wani shiri na Gwamnatin Ingila, ƙauyuka suka yi ta gayya da lauje da adda suna buɗe hanyoyin da suka toshe, inda ya fi ƙarfin hannu a sa injin haƙa. A cikin 2006 jihohi shida da kogin ya shafa, watau Kano da Jigawa da Bauci da Filato da Yobe da Barno, suka yi taro a Damaturu, suka amince da tsarin kula da kogin gaba ɗaya, suka kafa asusu dominsa. Ta wajen suna kuwa wurin ya samu. An sa tafkin Nguru da reshen Marma, hekta 58,100, cikin jerin Ramsar a shekarar 2000, shi ne na farko a Nijeriya. Baturiya da Dagona suka bi a 2008. Amma suna ba ya sare ciyawa. Har yanzu ba a ci ƙarfin kacalla ba, domin muddin kwari bai bushe da rani ba, abin da aka share bana ya kan komo baɗi.

Abin da Aka Gani a Kamaru

Mai karatu zai so ya san ko fadamar da ta mutu tana tashi. Amsar tana arewacin Kamaru, a fadamar kogin Logon, wadda ita ma Tafkin Cadi ruwanta ke zuwa. A cikin 1979 aka gina madatsar Maga da doguwar ganuwa a bakin kogin domin noman shinkafa. Cikowa ta yanke daga fili mai yawa, ciyawa mai daɗewa ta mutu, masunta da makiyaya suka watse, namun dajin Waza suka ragu. Bayan bincike da shawarwari da mutanen wurin, a cikin 1994 aka fasa ganuwar a bakin wani tsohon reshe da ta toshe. Ruwa ya komo kan fili wajen murabba'in kilomita 200, aka kuma buɗe wani reshen a 1997. Masana suka bi abin shekara-shekara suna rubutawa. Kifi da tsuntsaye suka riga kowa dawowa, makiyaya suka biyo. Ciyawa mai daɗewa ita ce ta yi nawa, sai da ta ɗauki shekaru tana maye gurbin ta shekara ɗaya. Ba a dasa kome ba, ba a zuba kifi ba. An mayar wa wurin ruwansa ne a kan lokacinsa, sauran aikin ya yi da kansa.

Hanyar Shiga Sana'ar

Yaro ko yarinyar da ke son wannan aiki sai su riƙe ilmin halittu da kemistiri da lissafi tun daga sakandare, sa'an nan su karanci ilmin dabbobi, ko na tsire-tsire, ko na kifi, ko na gandun daji a jami'a. Da can sai an ƙetare teku a ke samun ƙwarewa, yanzu kuwa abin ya matso. Akwai makarantar ma'aikatan namun daji a Garwa ta Kamaru tun 1970. Akwai cibiyar binciken kifi a Sabuwar Busa, wadda ta samo asali daga binciken tafkin Kainji. Akwai cibiyar nazarin tsuntsaye ta A. P. Leventis a Jami'ar Jos, inda a ke ba da digiri na biyu. An kuma buɗe jami'o'in tarayya a Dutse a 2011 da Gashuwa a 2013, dukansu a bakin wannan kwari. Wuraren aiki su ne hukumar gandayen namun daji, da ma'aikatun ruwa da na muhalli, da hukumomin raya koguna, da jami'o'i, da ƙungiyoyi irin NCF.

Kayan aiki sun sauya. Abin da a ke hawa jirgin sama a zana da hannu, yanzu hoton tauraron ɗan'adam ke nuna shi a kwamfuta. Amma hoto ba ya faɗin irin kifin da ya ɓace, ko dalilin da ya sa ƙauye biyu ba sa ga maciji a kan mashigi ɗaya. Wannan sai an shiga taɓo har gwiwa, an sha cizon sauro da matsattsaku, an zauna a zauren bulama an saurara. Albashin ba mai yawa ba ne, sakamakon kuma ba ya zuwa da wuri. Ana bukatar mai haƙuri, wanda zai karanta sandar awo yau da gobe shekara goma ba ya tsallake rana, wanda zai rubuta abin da ya gani ko da bai yi wa mai ba shi albashi daɗi ba. In ya ji Barbarci ko Badanci ko Fulatanci bayan Hausa, ya fi mai digiri uku da ba ya jin ko ɗaya.

Rahoton da ofishin yarjejeniyar Ramsar ya fitar a 2018 ya ce duniya ta yi hasarar wajen kashi 35 cikin 100 na dausayinta tsakanin 1970 da 2015. A kwarin Haɗeja mutane ƙaruwa su ke yi, birnin Kano na daɗa neman ruwa, gonakin rani na daɗa faɗi. Ko wace shekara akwai ranar da za a zauna a yanke yawan ruwan da za a saki daga Tiga da Calawa, da watan da za a sake shi. Mai gonar Kadawa yana da wakili a wannan zama, mai famfo a Kano yana da nasa. Masuncin Dagona da mai shinkafar Guri da Bafulatanin da ke jiran burugu, su kuwa ba su da abin da zai tsaya musu sai littafin awo, da mutumin da ya san abin da ke cikinsa.